Tsohon Ɗan Siyasa Da Zaɓen Fid Da Gwani: Ya Shiga Ko Ya Haƙura?

Jawabin da ɗaya daga cikinmu ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ɗora mini nauyin yin magana a kan wannan batu, wato ko ya dace tsohon ɗan siyasa, wanda ya daɗe ana damawa da shi, ya shiga zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsa don neman kujerar shugaban ƙasa. Wataƙila wani zai ce me ya haɗa taron tsofaffin ɗalibai da wannan magana. Amsa ita ce, mu da muke zaune a nan yau mun wuce matsayin 'yan kallo. A cikinmu akwai wanda ya taɓa zama wakili a babban taron jam'iyya, akwai mai ba wani babba shawara, akwai ɗan jarida, akwai kuma wanda in ya yi magana a unguwarsu mutum ɗari za su bi. Duk bayan shekara huɗu wannan muhawara takan dawo, kuma a ɗakunanmu da majalisunmu ake yin ta tun kafin ta fita fili.

Bari in fara da tunatar da mu abin da ake nufi da zaɓen fid da gwani. Shi ne matakin da jam'iyya ke tsayar da mutum ɗaya daga cikin masu neman ta ba su tuta. Dokar zaɓe ta 2022 ta ambaci hanyoyi uku: ko duk 'yan jam'iyya su jefa ƙuri'a kai tsaye, ko wakilai su yi zaɓen a madadinsu, ko kuwa a yi sulhu a tsayar da mutum ɗaya. A 2022 manyan jam'iyyun biyu da wakilai suka yi amfani. Alhaji Atiku Abubakar ya sami tutar PDP da ƙuri'a 371, Bola Tinubu kuma ya sami ta APC da ƙuri'a 1,271, alhali kuwa masu rajistar zaɓe a 2023 sun haura miliyan 93. Ashe ke nan 'yan mutane kaɗan ne ke zaɓar wa miliyoyi waɗanda za su zaɓa a ciki. Daɗin daɗawa, a wannan shekarar kuɗin takardar neman takara a APC naira miliyan 100 ne, a PDP kuwa miliyan 40. Wanda duk ya duba wannan zai gane cewa fage ne da ya fi yi wa tsohon hannu daɗi, domin shi ne ya san gwamnoni, ya san shugabannin jam'iyya na jihohi, ya kuma san masu kuɗin da za su tsaya masa.

Masu cewa ya shiga suna da hujjojinsu. Sukan ce mulkin ƙasa irin Nijeriya ba wurin koyon aiki ba ne, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sukan ƙara da cewa tsarin mulki ya faɗi mafi ƙarancin shekarun ɗan takara, wanda aka rage daga 40 zuwa 35 a 2018, amma bai ce ga shekarun da in mutum ya kai ba zai tsaya ba. Masu cewa ya haƙura su ma ba su rasa abin faɗa ba. Sukan ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza; mafi yawan 'yan ƙasar nan matasa ne, aikin kuma na buƙatar ƙarfin jiki; sa'an nan tsoho yakan zo da tsofaffin abokan gaba da tsofaffin basussukan siyasa, waɗanda ƙasa ce za ta biya. Da a zauren muhawara na makaranta ne, da malamanmu sun raba mu gida biyu, kowane gefe ya yi ta zuba har a kaɗa ƙararrawa. To, ni ina ganin ya fi mana amfani mu koma ga abin da ya faru a zahiri.

A watan Satumba na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ɗage takunkumin siyasa. Babbar muhawarar lokacin ita ce wannan da muke yi yau. Wasu na cewa 'yan Jamhuriya ta Ɗaya su ne suka kai ƙasa ga juyin mulkin 1966 da yaƙin basasa, saboda haka su koma gefe su ba sababbin jini wuri. Jam'iyyar NPN ta keɓe wa Arewa kujerar shugaban ƙasa, aka kuma yi babban taronta a Legas a watan Disamba na shekarar. Mutum shida suka tsaya: Alhaji Shehu Shagari, Alhaji Yusuf Maitama Sule, Malam Adamu Ciroma, Dokta Olusola Saraki, Joseph Tarka da Farfesa Iya Abubakar. Abin da zai ba mu sha'awa a matsayinmu na tsofaffin ɗalibai shi ne, ukun farko duk makaranta guda suka yi, wato wadda aka sani da Kwalejin Kaduna, daga baya ta koma Zariya, yau ake kiranta Barewa.

Shagari tsohon hannu ne na sosai. Malamin makaranta ne da ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, ya riƙe ma'aikatu daban-daban a gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma zama kwamishinan kuɗi na tarayya a zamanin Janar Gowon. Duk da haka, sananne ne cewa kujerar Majalisar Dattawa ya so ya nema, abokansa ne suka matsa masa ya fito takarar shugaban ƙasa. Ɗan Masanin Kano shi ma tsohon malami ne, kuma ministan ma'adinai da lantarki a Jamhuriya ta Ɗaya. Malam Adamu Ciroma kuwa shi ne gwanin masu neman sabon jini: ya yi editan jaridar New Nigerian, ya yi gwamnan Babban Bankin Nijeriya daga 1975 zuwa 1977, amma bai taɓa riƙe muƙamin siyasa a jamhuriyar da ta rushe ba.

Da aka ƙirga ƙuri'un zagayen farko, Shagari ya sami sama da 900, Ɗan Masani sama da 500, Ciroma kusan 300. Shagari bai kai rabin ƙuri'un ba, saboda haka akwai damar zagaye na biyu, kuma da sauran sun haɗa kai a bayan Ɗan Masani, da lissafi na iya juyawa. Maimakon haka sai aka janye masa, jam'iyya ta fita daga zauren a dunƙule. Shagari ya ci zaɓen watan Agusta na 1979, Ɗan Masani ya tafi wakiltar Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata, Ciroma kuma ya zama minista.

Abu biyu nake so mu riƙe daga wannan taro. Na farko, tsohon ya shiga, amma shigarsa ba ta rufe wa kowa ƙofa ba. Sabon jini ya tsaya, an ƙirga ƙuri'unsa a bainar jama'a, kowa ya san nauyinsa. Na biyu, waɗanda suka faɗi sun karɓi hukuncin wakilai. Ban ce mulkin da ya biyo baya ba shi da aibi ba, domin duk mun san yadda Jamhuriya ta Biyu ta ƙare a ranar 31 ga Disamba, 1983. Magana nake yi a kan yadda aka fid da gwani, kuma ta wannan fuska an bar mana abin koyi. Mu kuma tuna cewa duk 'yan takara biyar na 1979, wato Shagari, Cif Awolowo, Dokta Azikiwe, Malam Aminu Kano da Alhaji Waziri Ibrahim, mutanen Jamhuriya ta Ɗaya ne. Awolowo na da shekara 70, Azikiwe 74. Duk surutun sabon jini da aka yi, da aka zo tsayar da 'yan takara tsofaffin jam'iyyu suka nema.

To, me zai faru in aka hana tsofaffin da ƙarfin doka? Wannan ma an gwada. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta kafa dokar da ta haramta wa tsofaffin masu riƙe da muƙamai shiga siyasa, a 1989 kuma ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP da NRC, domin sababbin jini. Waɗanda aka hana ɗin ba su tafi ko'ina ba. Suka koma bayan labule, suna tsayar da yaransu, suna ba da kuɗi, suna faɗin wanda za a zaɓa. Da aka ɗage haramcin a ƙarshen 1991, nan da nan suka fito fili: a zaɓen fid da gwani na 1992 Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ne kan gaba a SDP, a NRC kuma ana kankankan tsakanin Malam Adamu Ciroma da Alhaji Umaru Shinkafi. Gwamnati ta soke zaɓen, ta hana 'yan takara 23 sake tsayawa, aka sake sabon lale da ya kai ga 12 ga Yuni, 1993, da abin da ya biyo bayanta. Ku lura da Malam Adamu Ciroma: sabon jinin 1978 shi ne tsohon hannun 1992. Shekara goma sha huɗu kacal. Wannan ya isa ya nuna cewa kalmar tsoho da sabo riga ce da ke yawo daga wuya zuwa wuya, kuma tsohon da ke mulki daga bayan labule ya fi wanda ya fito fili haɗari, domin shi ba a iya tuhumarsa.

Misali na gaba shi ne Dokta Alex Ekwueme, mataimakin Shagari daga 1979 zuwa 1983. An tsare shi bayan juyin mulki, kwamitin bincike kuma ya wanke shi. Shi ne ya kawo shawarar raba ƙasa shiyya shida a taron tsarin mulki na 1994 zuwa 1995. A 1998 ya jagoranci dattawa 34 da suka rubuta wa Janar Abacha takarda cewa kada ya gaji kansa, a lokacin da faɗin haka na iya kai mutum kurkuku ko abin da ya fi haka. Daga wannan rukuni ne PDP ta samo tushe. In da akwai wanda zai ce jam'iyya tasa ce, to shi ne. Amma a taron Jos na watan Fabrairu, 1999, Obasanjo ya sami ƙuri'a 1,658, shi kuwa 521. Ya sake gwadawa a watan Janairu na 2003 a Abuja, yana da shekara 70, ya sake faɗuwa. Bai kwashe mutanensa ya kafa wata jam'iyya ba. Har a 2007 shi aka naɗa ya shugabanci kwamitin sasanta 'yan jam'iyyar da suka fusata. Ya rasu a 2017 bai zama shugaban ƙasa ba, amma Kudu da Arewa da mutunci ake ambatonsa.

Shigarsa takara a 1999 ta amfani ƙasa, domin ta nuna cewa farar hula na iya tsayawa gaban tsohon janar a fafata da ƙuri'a. Da ya noƙe, da taron Jos ya zama bikin naɗi kawai. Saboda haka wani lokaci tsoho kaɗai ne ke da nauyin da zai sa zaɓen fid da gwani ya zama zaɓe na gaske.

Yanzu sai maganar lafiya da ƙarfin jiki, wadda ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa a haƙura. Marigayi Muhammadu Buhari ya tsaya a 2003 da 2007 da 2011 bai ci ba, kuma kafin zaɓen 2011 ya faɗa a fili cewa wannan ne na ƙarshe. Da aka kafa APC sai aka shiga muhawara ko ya dawo ko ya tsayar da wani. Ya dawo, a Legas a watan Disamba na 2014 ya sami ƙuri'a 3,430, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso 974, Atiku 954. Ya ci zaɓen 2015, karo na farko da ɗan adawa ya kayar da shugaba mai ci a ƙasar nan. Magoya bayansa za su ce ba wani da zai iya wannan in ba shi ba, kuma da wuya a musa. Amma shi da bakinsa, a Afirka ta Kudu a 2015, ya nuna cewa ya so a ce mulkin ya zo masa yana da sauran ƙuruciya, domin mai shekara 72 akwai iyakar abin da zai iya. A 2017 ya yi sama da kwana 100 a jere yana jinya a Landan. A ɗaya gefen kuma, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana da shekara 55 aka zaɓe shi, ya rasu a kan mulki a 2010 bayan doguwar jinyar da ta jefa ƙasa cikin ruɗani. Cuta ba ta duba takardar haihuwa. Abin da ya kamata a nema shi ne gaskiya game da lafiyar kowane ɗan takara, tsoho ko yaro, tun kafin wakilai su jefa ƙuri'a.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ke fama da wannan matsala. A Amurka, Joe Biden, wanda ya shiga Majalisar Dattawa tun 1973, ya nemi wa'adi na biyu a 2024 yana da shekara 81. Manyan jam'iyyarsa ba wanda ya fito ya ƙalubalance shi, ya lashe zaɓen fid da gwani kusan ba hamayya. Sai a muhawarar talabijin ta 27 ga Yuni jama'a suka ga halin da yake ciki. Ya janye ranar 21 ga Yuli, aka miƙa wa mataimakiyarsa Kamala Harris tuta ba tare da an fafata ba, saura kwana 107 zaɓe, kuma Donald Trump ya kayar da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an yi takara ta gaske tun farko, da abin da ya bayyana a watan Yuni ya bayyana da wuri, jam'iyya ta sami lokacin gyara. Shigar tsohon ta kori kowa daga fage, na kusa da shi kuma suka yi shiru.

Ranka ya daɗe shugaban taro, ga inda na tsaya. Ina ganin tsohon ɗan siyasa yana da ikon shiga zaɓen fid da gwani, kuma hana shi da doka ko da zagi ba ya haifar da ɗa mai ido. Zaɓen fid da gwani sikeli ne, an yi shi ne domin a auna kowa. Sharaɗin shi ne ya shigo a matsayin mai neman a auna shi, kamar kowa. In zai yi amfani da girmansa ya sa a janye masa dole da sunan sulhu, ko ya sa a tsara jerin wakilai a ɗakinsa, ko ya yi barazanar ficewa in bai samu ba, to shigarsa ta zama cuta ga jam'iyya da ƙasa, ko da shekararsa hamsin ce.

Akwai tambayoyin da ya kamata ya amsa wa kansa kafin ya sayi takarda. Wa ke kiransa? Shagari abokan takararsa ma sun san jama'a daga sassa daban-daban ne suka tura shi. Sau da yawa kuwa masu kiran su ne waɗanda abincinsu ya dogara ga takarar, masu buga fosta da masu haɗa gangami, waɗanda in maigida ya ce ya haƙura kasuwarsu ta watse. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Sa'an nan, me zai yi wanda yaran da ya rena ba za su iya ba? In ya yi shekara talatin ko arba'in a siyasa amma bai iya nuna mutum ɗaya da ya horar wanda ya isa ya riƙe tuta ba, wannan kansa abin dubawa ne a kan irin shugabancinsa. Julius Nyerere ya sauka da kansa a Tanzaniya a 1985, Nelson Mandela ya yi wa'adi ɗaya ya miƙa wa Thabo Mbeki a 1999, kuma ba wanda darajarsa ta ragu. Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi wuya: in wakilai suka zaɓi wani, zai tashi ya riƙe hannunsa ya ɗaga, kamar yadda aka yi a Legas a 1978 da Jos a 1999? In amsar a'a ce, gara ya zauna gida.

Matasa su ma akwai nasu. Rage shekarun takara zuwa 35 bai sa kowa ya ci zaɓe ba. Wanda ke son tsoho ya kauce sai ya shiga jam'iyya tun daga mazaɓa, ya halarci taro, ya tsaya a zaɓe shi wakili, ya jure shekarun da tsohon ya jure. Malam Adamu Ciroma bai tsaya a gefe yana kukan an danne sabon jini ba. Ya shiga, ya zo na uku, ya ci gaba da aiki.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, maganar ta dawo kanmu. Furfura ta fara kama yawancinmu, kuma a ofisoshinmu da ƙungiyoyinmu, har da wannan ƙungiya tamu, akwai na bayanmu da ke jiran mu matsa. Wanda a cikinmu ke kusa da wani babba da ke tunanin fitowa, hakkinsa ne ya gaya masa gaskiya a keɓe, game da lafiyarsa, da farin jininsa, da abin da mutane ke faɗa in ba ya nan. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda kuma Allah ya sa ya zama wakili, ya tuna cewa ƙuri'arsa guda tana tsaye a madadin dubban mutanen da ba za su shiga zauren ba, kada ya sayar da ita a ɗakin otal da daddare. Iyayenmu malamai da ke zaune a nan sun koya mana cewa mai kula da jarrabawa ba ya duba ɗan wane ne, takardar amsa yake dubawa. Haka ya kamata wakili ya yi wa tsoho da yaro.

Ina roƙon Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya da nisan kwana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga cikinsu da cikin abokan karatunmu, ya ba ƙasarmu shugabanni nagari, ya kuma maida kowa gidansa lafiya.